Rasuwar da Aka Yi a Gidan Haji Sikandar

Litinin, 9 ga Yuni
Ni ne Haji Sikandar Baksh na garin Tavua, mai kamfanin kwanon rufi da siminti, mai tumbin da ke riga shi shiga masallaci. Yau ɗan ƙanwata Tufail, yaro mai basira duk da bai wuce makarantar allo ba, ya kawo shawarar talla. Kowa a Fiji yakan ajiye abin hannunsa in rediyo ta fara sanarwar rasuwa, to mu shiga daf da ita. Yaron ya iya muryar mai sanarwar sak. Na yi dariya, na amince.

Laraba, 11 ga Yuni
An saka. "Cikin alhini muke sanar da rasuwa a gidan Haji Sikandar Baksh..." Sai dogon shiru. "Tsadar kwano ce ta rasu." Shirun nan, gwaninta!

Alhamis, 12 ga Yuni
Ashe ba wanda ya jira ƙarshe. Maƙwabcinmu Ram Autar ya bar yankan rake, ya zo da mutanensa da gora da kwano za su kafa rumfar makoki, sai ga tsohuwar gidan, wadda suka zaci ita ce ta rasu, a ƙofa tana tsince shinkafa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Haji, kwanon ma a wurinka na saya." Suka kwashe kayansu.

Asabar, 14 ga Yuni
Ba ciniki. Kuliya ce kawai ta shigo.

Juma'a, 20 ga Yuni
An dakatar da tallar tuni, amma makarantar da za ta sake rufi ta koma garin Ba da cinikinta. A masallaci gaisuwa da fatar baki. Tsohuwa ba ta yi wa Tufail faɗa ba. Gurasar roti ta miƙa masa, ta ce, "Ɗan nan, ranar da tawa ta zo aka faɗa a rediyo, wa zai taso?" Ya ajiye rotin.

Talata, 24 ga Yuni
An sanar da rasuwar yayar Ram Autar. Na saurara har ƙarshe, na loda kwano goma a mota ban tambayi kowa ba. Da na isa gidansa, guduma dai Ram Autar ya miƙo mini. Samari a kan rumfa suka ce, "Shege, yi mana muryar nan." Na ce mura nake yi.

Haji bai taɓa riƙe guduma ba, balle wannan littafin. Ni Tufail ne mai rubutun, tun daga farko.