Wa Kake Jira, Malam?

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya Anti da yara? Ni lafiya ƙalau nake, sai 'yar dishewar murya, kada ka faɗa wa Inna.

Sau tara ke nan ana ɗaukar sabuwar waƙata ana gogewa. Ɗakin ba taga, daga ni sai gurmina, mai situdiyo yana bayan gilashi yana duba agogo. Duk baitin da na dire sai in yi shiru ina jiran amshinka, yadda muka saba shekara goma sha biyu. Jiya mai situdiyon ya fusata ya ce, "Wa kake jira, malam? In ba a cike gurbin nan zuwa Alhamis ba, ka ba wani wuri."

Na san na tafi ban yi maka sallama ba, kuma har yau ba ka ɗaga kirana. Ban ce ka huce yanzu ba. Na tura waƙar a wayar Anti, ka rera amshin ka turo, ko da ranka a ɓace ne.

Allah ya ba Inna lafiya. Bayan kowane baiti na bar numfashi huɗu. Naka ne, ban ba kowa ba.

Ƙaninka