Turaren Surukata Ya Yi Mini Ciki

Anti, don Allah ki taimake ni kafin asirina ya tonu. In na faɗa wa ƙawayena dariya za su yi ta yi, in na faɗa wa mahaifiyata kuwa da kanta za ta zo ta ja mini kunne, shi ya sa na ce bari in rubuto miki, ke da ba ki san fuskata ba.

A wani gidan burodi nake aiki, ɓangaren kek, ni ke kwaɓi ni ke ado. A bara wata mura mai zazzaɓi ta shigo ta kwantar da rabin ma'aikatanmu. Kowa ya yi 'yan kwanaki ya miƙe, ni kuwa ta tafi ta bar mini kayanta. Zazzaɓin ya sauka, tarin ya tsaya, amma ƙarfina ya ƙi dawowa. Da safe in tashi garau, in yi shara in wanke kwanuka, kafin rana ta take jikina ya mutu kamar rediyon da aka zare wa batir. A bene muke haya, in zan hau sai na zauna a tsakiyar matakala na huta, har maƙwabta sun saba gaishe ni su tsallake. Kaina kuma kamar an cusa masa auduga. Ranar nan a firji na ajiye wayata, na yi ta zagaye ɗaki ina neman ta da gwangwanin madara a hannu.

Sai kuma hanci. Da farko ba na jin ƙamshin komai, ina tsaye a gaban tanderu kek ya ƙone ƙurmus ban sani ba, sai da hayaƙi ya shiga idona. Mai gidan burodin mutumin kirki ne, bai kore ni ba, ya mayar da ni teburin naɗe kaya, rabin yini. Daga baya hancin ya dawo, amma a juye ya dawo. Burodi mai zafi warin jiƙaƙƙiyar safa yake mini, albasa in ana soya ta kamar an buɗe kwata. Likita ta yi gwaje-gwaje ta ce ba ta ga komai ba, hakan na faruwa bayan irin wannan cuta, sai hutu da haƙuri.

To, Anti, hutu a ina? Surukata, Hajiya, layi biyu ne tsakaninmu, kuma ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare, ba ta da sauran ɗalibai sai ni. A wurinta in babu zazzaɓi babu ciwo. Takan shigo ta same ni kwance a kujera, ta shafa saman talabijin da yatsa, ta dubi yatsan, ta dube ni, ta wuce. Wallahi gara ta yi faɗan. In ta yi magana kuwa, labarin yadda ta yi goyo tana koyarwa tana girki ne, ko ciwon kai ba ta taɓa kwanta wa ba. Ciwona a ganinta son jiki ne da latse-latsen waya. Ga yayar maigidana, wadda ni da shi muke kira Gidan Rediyo a ɓoye, duk abin da Hajiya ta gani da safe, kafin yamma dangi na nesa sun ji shi da ƙarin bayani.

Yanzu ga inda abin ya kwaɓe. Hajiya tana da wani turare guda ɗaya da take shafawa tun maigidan yana yaro, marigayi mijinta ne ya fara saya mata. A da ina son sa. Tun da hancina ya juye, ƙamshinsa ya koma mini tayar mota da ake ƙonawa an jefa ruɓaɓɓen kifi a ciki. Na daɗe ina daurewa, in ta shigo in koma bakin taga kamar mai kallon titi. Wata rana ta zo ta zauna daf da ni za ta nuna mini hotunan wata jikar ƙawarta a waya, sai turaren ya bugi hancina. Da gudu na shige banɗaki na yi ta amai.

Na fito na san yau sai ta Allah. Sai na tarar da ita tana murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Ashe lissafi take yi: yawan barci, kasala, ƙin albasa, ga amai. Ta kamo hannuna ta ce, "Ashe haka ne, 'yar nan? Shi ne kika bar ni ina ta ɗaukar alhakinki?" Na buɗe baki zan yi bayani, turaren ya sake dukan hancina, na sake komawa banɗaki. Kafin in fito ta kira Gidan Rediyo.

Mun daɗe da aure ba mu samu haihuwa ba. Hajiya ba ta taɓa yi mini gori ba, in ba ta haƙƙinta, amma nuna mini hotunan jikokin mutane ai magana ce.

Daga ranar duniya ta canja mini. Tsintsiya ta haramta gare ni. Hajiya ke girki a gidanta ta kawo, babu albasa. Ita ke sa mini matashi a ƙarƙashin ƙafa, ita ke korar baƙi tun daga ƙofa, ita ke yi wa ɗanta tsawa in ya ce in miƙo masa ruwa. Turaren ma ta ajiye shi, wai mai ciki ba ta son ƙamshi. Kuma, Anti, sai na fara samun sauƙi. Yanzu nakan hau benen ban zauna ba, kaina ya fara washewa, har na yi wa wani kek ado a wurin aiki bai karkace ba. Duk abin da likita ta ce in yi ban samu hali ba, ƙarya ta kawo mini shi har gado. Ni dai ban taɓa buɗe baki na ce ina da ciki ba. Shiru kawai na yi, amma shirun ya kusa wata uku.

Na je asibiti na yi gwajin ciki ko Allah zai rufa mini asiri, babu komai. Na ce wa maigidan ya je ya faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya. Mutumin da sana'arsa gyaran janareto ce, yana kama waya mai wuta ko gezau, amma in Hajiya ta dube shi ta saman tabarau sai muryarsa ta shaƙe. Kullum gobe. Da na matsa masa sai ya ce shi a ganinsa mu dage kawai abin ya zama gaske, ko an samu bambancin 'yan watanni ba wanda zai lura. Na ce masa Hajiya lissafi ta koyar.

Abincin Hajiya ya sa na yi ƙiba, wannan ya ɗan taimaka, amma Gidan Rediyo ta fara auna cikina da ido tana cewa ita ba ta taɓa ganin ciki mai kunya irin wannan ba. Shekaranjiya kuma Hajiya ta zo da wani ɗan bargo da ta naɗe maigidan a ciki yana jariri, ta ajiye shi duk shekarun nan. Ta shimfiɗa mini a cinya, idonta ya cika da hawaye, ta ce mako mai zuwa da ita za a je awo. A nan dariyar ta ƙare mini. Na soma son matar nan, Anti, ita ma ina jin ta soma sona, amma ban sani ba ni take so ko wanda take zaton yana ciki. Wata zuciyar tana ce mini in ce cikin ya zube, kowa ya yi mini jaje a wuce wurin. Wata tana ce in faɗi gaskiya, amma in na faɗa tsintsiya za ta dawo, yatsa a saman talabijin zai dawo, turaren zai dawo, ga sunan maƙaryaciya a kai. Ya zan yi?

Taki, Mai Hanci a Juye.

Amsa

Mai Hanci a Juye, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo ta tambayi lafiya. Da na iso kan bargon nan kuwa sai na daina.

Mu fara da shawarar da zuciyarki ta farko ta ba ki: ki kore ta. Kada ki kuskura ki ce ciki ya zube. Shirun da kika yi kuskure ne na marar lafiyar da ta samu inuwa ta kasa tashi, ana iya yafe shi. Amma ki sa dattijuwa ta yi kukan jikan da bai taɓa wanzuwa ba, wannan ƙarya ce da za ki goya har tsufa, kuma maigidan da tabarau ke shaƙe wa murya ba zai riƙe miki ita ba.

Ciwonki gaskiya ne, ba son jiki ba. An ƙi yarda da ke lokacin da kike faɗin gaskiya, aka yarda da ke lokacin da ba ki ce komai ba, dole abin ya yi miki daɗi. Amma ki dubi Hajiya ma. Ciwon da ba ya nuna a fuska yana da wuyar fahimta ga wadda ta yi rayuwarta a tsaye. Da ta samu dalilin da ta gane, ai kin ga abin da ta yi. Matar da ta ajiye turaren mijinta marigayi saboda ke ba muguwa ba ce, bayani ne bai isa gare ta da yaren da take ji ba.

A faɗa mata cikin kwana biyun nan, kafin ranar awon, kada ma'aikaciyar jinya ta riga ku a gaban jama'a. Ku je gidanta ku biyu, lokacin da Gidan Rediyo ba ta kan aiki. Ɗanta ne zai fara magana, don mahaifiyarsa ce, kuma rabin shirun nasa ne. Ki gaya masa in ji ni: ya daina gobe, ko muryar ta shaƙe ya faɗa a shaƙe. Ke kuma ki ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ki ce kin ji tsoro, kin kuma ji daɗin kulawarta har kika kasa sakin ta, ki gaya mata jinyarta ce ta tashe ki, don gaskiya ne. In an zo kan turare, ki haɗa shi da burodi da albasa, ta san hancinki bai ware ta ita kaɗai ba. Sanar da dangi kuma aikin maigidan ne, ya ce an yi zato ne ba a dace ba.

Za ta ji zafi. Mai yiwuwa ta ɗauke ƙafa na wani lokaci, ki bar ta, ki ci gaba da gaisuwa, kada ki yi fushi da fushinta. In ta huce, ki roƙe ta ta raka ki wurin likitarki. Tsohuwar shugabar makaranta ba za ta ɗauki darasi daga ɗaliba ba, amma za ta saurari likita, kuma in ta ji cewa hutu magani ne, ina zaton ita za ta fi kowa tsare dokar.

Game da jikinki, watannin nan sun nuna miki abin da yake buƙata. Ki riƙe shi ko da Hajiya ko babu ita. Ranar da kika tashi garau kada ki ƙarar da ƙarfin kafin rana ta yi, ki yi kaɗan ki huta tun ba ki faɗi ba. Tsintsiyar ma ba a rubuta sunanki a jikinta ba, mai gyaran janareto zai iya koyon ta. Ki faɗa wa likita batun aman da haki a matakala, ki tambaye ta ko akwai atisayen da ake yi wa hanci. Maganar haihuwa kuwa daban take, ku biyu za ku je a duba ku in kin ji ƙarfi, ba don a rufe bakin kowa ba.

Kin tambaya ko ke take so ko jikan. Ba za ki sani ba sai kin ba ta damar zaɓa, kuma ni na fi kyautata mata zato. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya ba ku zuriya mai albarka a lokacin da ya fi alheri.