Kwana Shida Ina Neman Wasanka

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka lafiya a Legas, kai da abokan aikinka. Mu nan Roni lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, gyaɗa ma ta kusa cira. Gwiwata ta hagu ce dai take ɗan matsa mini da sanyin safiya, amma ba abin tada hankali ba ne.

Za ka yi mamakin ganin na rubuto maka a nan, a shafin sada zumuntar da ban saba sa komai ba sai sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, inda tsofaffin ɗalibaina da abokan aikina za su karanta. Da gangan na yi. Maganar da ta raba mu a gaban mutane na yi ta, don haka wannan ma gara ta zama a gabansu.

Ka tuna ranar sunan ɗan ƙanwarka Zainab na fari, shekara huɗu ke nan. Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida tare da baƙi, ina duba takardun jarrabawar da makaranta ta roƙe ni in taya su ko da na yi ritaya. Baffanka ya sha wahala kafin ya samo maka gurbi a sakatariya, kai kuma ka ce ba ka so, wasan kwamfuta za ka riƙa haɗawa. Ka fito da kwamfutarka a buɗe, ka durƙusa, ka ce, "Baba, minti biyar kawai, ka ga abin da nake yi." Ban ɗago kai ba. Na ce wa mutanen da ke wurin, "Ku ga wanda na ƙarar da ƙarfina a kan karatunsa, ya dawo yana wasan yara." Wasu suka yi dariya. Ka ce, "To, Baba," ka rufe ta ka shiga gida. Bayan mako biyu ka tafi.

Da mahaifiyarka ta rasu bara, ka zo ka yi kwana uku. Mun zauna a tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa. In ban da ina kwana da ina wuni, ban tuna wata magana da ta haɗa mu ba.

Gidan yanzu ni kaɗai ne. Zainab tana aiko da abinci daga Babura in ta sami mai zuwa, matar maƙwabci kuma tana kawo tuwo da yamma. Awakin mahaifiyarka duk na mayar wa kawunanka a Gwiwa, ba zan iya da su ba. Akwai ranar da daga sallar asuba har magariba, in ka cire gaisuwar masallaci, ba na buɗe baki.

Makon jiya Zainab ta zo ta wuni. Tana share ɗakin mahaifiyarku ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ashe wasan Yaya ya shiga cikin waɗanda ake gwadawa wannan satin." Na yi kamar ban ji ba. Da ta ga ban tanka ba sai ta ci gaba, wai akwai makon da masu haɗa wasa ƙanana, waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu, suke sakin ɗan yanki na wasan da ba su gama ba, kyauta, kowa ya ɗanɗana ya faɗi ra'ayinsa. Demo ake ce masa. Na tambaye ta sunan naka, ta ce ba ka gaya mata ba, amma bari ta kira ka. Na hana ta. Ka san halina.

Tana tafiya na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado, na ɗauko tsohuwar kwamfutar da ka bari. Mahaifiyarka ta naɗe ta a cikin zane mai tsabta. Washegari na hau acaɓa zuwa Kazaure, don sabis ɗin nan gida ba zai sauke komai ba.

Na je shagon Nasiru mai buga takardu, wanda na koyar a aji shida, yanzu shi ma furfura ta fara fito masa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai da ya dube ni sau biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wasannin nan fa ɗaruruwa ne, kuma masu yin su ba su cika sa sunansu na gaskiya ba." Na ce ya zaɓo mini duk wanda ya ga gona ko ƙauye ko baƙin mutum a ciki, kuma wanda wannan tsohuwar za ta iya ɗauka. Muka wuni. Ya nuna mini madannai huɗu na tafiya da ɗaya na tsalle, na rubuta su a bayan ambulan. Na dawo gida da wasa goma sha huɗu.

Na tsara wa kaina aikin kamar jadawalin makaranta. Da hantsi, in sola ta cika batir, sai in zauna a zaure har azahar, in sake komawa bayan la'asar.

Na farkon, wani ɗan mutum ne yake gudu yana tsallake ƙayoyi. Ban taɓa kai shi ƙaya ta uku ba. Yatsuna sun saba da alli da jan biro, ba su san gaggawa ba. Sai ya faɗi, ya tashi, in sake kashe shi. Har tausayinsa na ji, na ƙyale shi.

Wani kuma na noma ne. Ka shuka da safe, ka girbe da yamma, babu fari, babu tsuntsu, babu tsutsa. Na yi dariya ni kaɗai har da tari. Duk wanda ya haɗa shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Wani da na buɗe, duhu ne da numfashin wani abu a bayan ƙofa. Na yi a'uziyya na rufe. Biyu sun ƙi tashi sam, ɗaya ya daskarar da kwamfutar sai da na cire batir.

Amma akwai ɗaya da ya riƙe ni. Kai ne mai shagon gyaran rediyo a wani gari mai ƙanƙara, mutane suna kawo rediyonsu, kana kwance shi kana haɗa wayoyi, su kuma suna ba ka labarin rayuwarsu a rubuce. Wata tsohuwa ta kawo na mijinta da ya mutu, ta ce ba don ta saurara ba ne, tana so dai ya yi aiki. Na gyara mata. Da wasan ya ƙare na sake shi daga farko don ta sake shigowa. Sai da ladan ya kira azahar na lura ina amsa mata da baki, da Hausa, a zauren da babu kowa.

Abin da ban zata ba shi ne rubutun da ke fitowa a ƙarshen kowanne. Sunan mutum biyu. Wani ma mutum ɗaya, shi ya yi zane, shi ya yi kiɗa, shi ya rubuta labari. Wani ya ce shekara uku yana yi bayan ya tashi daga aiki. Wani ya gode wa mahaifinsa da ya ba shi ɗakin ajiye mota ya yi aiki a ciki. Na daɗe ina kallon wannan layin.

Goma sha huɗun nan babu naka. Na san haka tun kafin in gama kowanne, kamar yadda nake gane rubutun ɗalibi ko bai sa suna ba. Ranar ta biyar na koma Kazaure. Nasiru ya ce saura kwana biyu a rufe, ya roƙe ni in bari a tambaye ka. Na ƙi. Ya ƙara mini wasa tara. Na ƙarshe da ya sauke, hotonsa wata farar akuya ce kawai, an zana ta da ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma, sunan kuma da Turanci. Na ce ya bar shi, na yara ne. Ya ce ai ya riga ya sauka.

Shi na buɗe a ƙarshe, ranar ta shida bayan la'asar, don kawai in ce na gama.

Akuya ce ta ɓace a kasuwar dabbobi, kai ne akuyar, kana neman hanyar gida. Ban yi minti biyu ba na ajiye tabarau na goge na mayar. Ga motocin hatsi a jere, ga mai canjin sefa a ƙarƙashin laima. Kasuwar Babura ce. Na fita daga gari, na bi ta cikin gero, wani manomi ya jefe ni da hoge. Sai ga duwatsun nan namu, har da wanda ya tsage biyu da kuke hawa kuna yara ina hana ku. Na faɗa rami sau uku.

Ka sa wani madanni da in an danna akuyar take kuka. Duk wanda ta yi wa kuka sai ya juyo. Mai rake ya juyo ya miƙo ɓawo, mata a bakin rijiya suka juyo suka nuna hanya, har jaki ya juyo.

Na iso ƙofar wani gida mai darbejiya. A gindinta wani mutum yana zaune a tabarma, farar hula, rediyo a gefe, takardu a cinya, jan biro a hannu. Na matsa kusa da shi na danna. Bai juyo ba. Na sake dannawa. Na zagaya ta gabansa, na tsaya a kan tabarmarsa, na danna har yatsana ya yi zafi. Hannunsa dai yana tafiya a kan takarda. Na ji haushinsa, Abba. Wallahi na ce masa a fili, "Kai wane irin mutum ne?" kafin maganar ta dawo mini.

Ina nan a tsaye sai murya ta fito daga cikin gidan. "'Yar Gwiwa! 'Yar Gwiwa, taho gida mana!" Da ɗan tsakin nan da take yi a ƙarshe, da ƙarar kwanon dusa. Muryar mahaifiyarka ce tana kiran farar akuyarta, ba kwaikwayo ba. Ban san yaushe ka naɗe ta a waya ba. Wata goma sha shida ban ji ta ba, kuma ni ba ni da ko kalma ɗaya tata a ajiye. Akuyar ta shiga zaure, allon ya yi baƙi, aka rubuta godiya da alƙawarin sauran yana tafe.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta, lokacin da nake ta ba mutane haƙuri. La'asar ta yi sanyi, maƙwabciya ta yi sallama da tuwo har sau uku ban amsa ba, ta ajiye a bakin zaure ta tafi. Na sake wasan daga kasuwa har gida sau huɗu kafin batir ya mutu. Yanzu ba na faɗawa ramin.

A ƙarshen akwai wurin da mai gwaji zai rubuta ra'ayinsa. Ka san me na rubuta? Na ce zangarniyar geron ta yi kama da ta dawa, a gyara. Na ce a allon kasuwa an rubuta "kofa" babu lanƙwasa a kan harafin farko. Na ce mai rake ba ya zama a ɓangaren dabbobi. Na tura, ban sa suna ba. Idan ka ga wannan saƙon a cikin na mutane, nawa ne. Ina tura shi kunya ta kama ni. Shekara huɗu ɗana yana aiki, ya dawo mini da muryar matata, ni kuma abin da na iya shi ne in ciro masa kurakurai uku.

To ga abin da ya kamata in rubuta a wurin.

Aikinka yana da kyau. Aiki ne na gaske, mai wuya, kuma na ga haƙurin da ke cikinsa. Na koyar shekara talatin da biyar ina gaya wa yara su rubuta abin da suka sani da idonsu, kai ka yi, ni na ƙi dubawa. Ban ji haushin yadda ka zana ni ba. Haka nake a ranar, kuma haka na kasance a ranaku da yawa kafin ita. Kada ka canza shi don na gani. Wasanka ne, ka ƙarasa shi yadda ka ga gaskiya.

Na wulaƙanta ka a gaban baƙi, ɗana, kai da kake ɗauke da sunan mahaifina, wanda ko kiran sunanka na yanka ba na iya yi. Mahaifiyarka ta sha ce mini, "Malam, yaron nan ba taurin kai gare shi ba, irin naka ne." Ta roƙe ni in kira ka har a makon da ta kwanta ciwo. Na ce gobe. Na yi kuskure. Ka yafe mini.

A gidanmu ba a koya mana yadda uba yake ba ɗansa haƙuri ba, shi ya sa takardar ta yi tsawo. Ba na cewa ka bar aikinka ka taho. Ba na ma cewa ka amsa a nan inda mutane suke gani. Na gaya wa Zainab ta ba ka sabuwar lambata. Idan ka kira ka ji na yi shiru, kada ka kashe, ina kan layi, maganar ce take yi mini wuyar fitowa.

Allah ya yi maka albarka, Abba. Allah ya sa albarka a hannunka da idonka da abin da kake nema, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka a garin da ba ka da kowa. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta, ya sa wahalar da ta sha a tsakaninmu ta zama mata lada. Ni kuma Allah ya ara mini kwana in ga fuskarka, in gaya maka wannan da bakina.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Sule, Roni