Jajayen 'Ya'ya a Igiyar Shanya

Litinin, 2 ga Satumba
Ganyen nan da ya fito da kansa a gindin katanga ya kama igiyar shanyar marigayiya matata, ya kusa kai tsakiya. Tun da ta rasu babu abin da ya hau igiyar nan sai shi. Furensa shunayya ne, da ɗan tsinin rawaya a tsakiya. 'Ya'yan sun fara ja, ƙanana kamar ƙwayar carbi. Ni dai na ce ɗan'uwan tumatir ne. Ban yi makaranta ba, rubutun nan ma da furfurata na koye shi, amma shuka ba ta ɓoye mini danginta.

Laraba, 4 ga Satumba
Maƙwabcina mai walda ya leƙo ta kan katanga, wai in sare shi, guba ne. Mutumin da ya ari tsanina ya dawo da shi a karye, ko haƙuri bai ba ni ba, shi zai koya mini ganye. Na ce ya je ya ji da ƙarafunansa.

Asabar, 7 ga Satumba
Auta ta zo da jikata, amaryata. Ta fara tafiya, kuma duk abin da hannu ya kai sai baki. Daga shigowa uwar ta hango jajayen 'ya'yan, ta suri yarinyar. Na san mai walda ne ya tare ta a ƙofa. Ta ce muddin ganyen nan yana gidan ba za ta ƙara kawo ta ba. Ko ruwa ba su sha ba. 'Yar da na goya a wuya, yau ita ke gindaya mini sharaɗi.

Lahadi, 8 ga Satumba
Na jera shaida a faranti: furen tumatir, na gauta, na dankalin Turawa, da na ganyen igiya. Dukansu tauraro ne mai tsinin rawaya, kala ce kawai ta bambanta. Tsuntsaye kuwa tun safe suke cin 'ya'yan, ban tsinci gawar ko ɗaya ba.

Talata, 10 ga Satumba
Na miƙa wa akuyata reshe ɗaya, ta shinshina ta kawar da kai. Ita dama tsirfa gare ta.

Alhamis, 12 ga Satumba
Na kai farantin shagon ɗinkin Auta. Ba ta ma tsayar da keke ba. Na nuna mata ɗaya bayan ɗaya, na ce abin da yake dangi ɗaya ai hali ɗaya ne, tumatir ya taɓa kashe wani? Sai ta ɗago kai.
"Baba, kai da Baffa ba ciki ɗaya kuka fito ba? Kullum kai ke cewa ko ruwan randarsa ba za ka sha ba."
Ƙanena take nufi, wanda ya sare mangwaron mahaifinmu bai shawarce ni ba. Na ce wannan daban. Ta ce ta ina? Ƙarar keken ta yi yawa, shi ya sa ban amsa ba.
A hanyar dawowa, a kangon bayan gareji, na ga gautan kura ya yi fure. Shunayya, tauraro, tsinin rawaya. Sak. Shi da muna yara ake dukanmu idan mun taɓa 'ya'yansa. Ban sa shi a faranti ba.

Asabar, 14 ga Satumba
Ba su zo ba. Ayabar da na ajiye wa amarya ta yi baƙi. Da na fito na tarar da jajayen 'ya'yan sun zuba a ƙasa, daidai inda take zama ta yi wasa da takalmina.

Lahadi, 15 ga Satumba
Na sare shi. Nauyinsa na neman tsinke igiyar ne, ba wani abu ba. Saiwar ma na tone, tunda na riga na sunkuya, na share wurin tas, har ƙarƙashin randa. Mai walda ya leƙo zai yi magana, na ce masa ba don shi ba ne, kuma maganata tana nan: ɗan'uwan tumatir ne.
Na aika wa Auta cewa igiya ta sami wuri, in akwai wankin yarinya a kawo shanya. Na sayo wata ayabar.