Fitilar da ta Kai Ƙetaren Gulbi

Nassarawa, Birnin Kebbi

Arzika abokina,

Gaisuwa mai yawa. Ya Baba Malami, ya Hanifa da yara? Tunda wayarka ta zaɓi zama da kifaye, ga takarda ta hannun direba.

Shawara nake nema. Hoton gulbinku na dare da na dame ka da zancensa, ina so mu ɗauka ran Asabar, tunda babu farin wata. Zan kafa kyamara in bar idonta a buɗe, kai kuma ka riƙa shafa haske a jikin itatuwa a hankali. Na ga fitilu biyu a kasuwa. Ƙaramar mai jan haske ce, iyakarta bakin ruwa. Babbar ta caji ce, fara fat, da rana tsaka mai shagon ya kunna ta sai da na runtse ido. Ita kaɗai za ta kai giginyun ƙetare. Amma gaskiya tana ba ni tsoro. Ba gurbin ruwan nan ne dattawan masunta suka hana kama kifi a cikinsa ba sai ranar bikin kamun kifi ta shekara? Kar a hango haske a ɗauka wani abu ne.

Naka,
Obed

Argungu

Obed sarkin tsoro,

Muna lafiya lau, a gaishe da Judith. Haba! Ka taso tun daga Birni da fitilar neman akuya? Sawo babbar. Ni masunci ne ɗan masunci, Baba na cikin dattawan da sunka rufe gurbin, wa zai ce man ƙala? Hoto za mu ɗauka, ba kifi ba. In ka zo da ƙaramar, wallahi ba ni riƙe maka ita.

Arzika

Argungu

Obed,

Gaisuwa a taƙaice, hankalina ba kwance yake ba.

Bayan tafiyarka, da safe anka iske ɓawon giwan ruwa da sawun abin da anka ja a gaɓar ƙetare. An saci kifi cikin gurbin a daren nan. Mutane sun ga farin haske bisa ruwa, kuma sun ga ni ke riƙe da shi. Kowa ya san kifi na tasowa wurin haske, to mi zan ce? Na rantse har na gaji. Cewa sunka yi hoton dabara ce, ina haskawa wani na kamawa. Ni kuwa saman giginyu nike kallo, ƙwari sun cika man ido, ban ga kowa ba.

Ran Alhamis dattawa za su zauna. In sun kama ni da laifi, za a ƙone homata, ragar da nike ci da gidana da ita, a hana ni shiga ruwa. Hanifa kuka kawai take yi. Baba kuwa ko tuwo ya bar ci. Wannan ya fi komi yi man ciwo.

Don Allah ka duba hotunan nan da kyau. Ni na ce a sawo babbar, ban ɗora maka ba.

Arzika

Nassarawa, Birnin Kebbi

Ɗan'uwana Arzika,

Na gaishe ka, Allah ya kwantar maka da hankali.

Na faɗaɗa hotunan ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe, can ƙasan giginyu, akwai mutum cikin ciyawar ruwa, ruwa iya ƙugu, rungume da kifi. Mai motsi ba ya fitowa a irin wannan hoto, sai dishi-dishi. Shi wannan da haske ya faɗa masa sai ya daskare, har hannunsa ɗaya ya ɗaga zai kare ido bai ƙarasa ba. Fuskarsa ta fito sarai, kuma a tsorace take. Duk wanda ya gani zai san ba da shirinsa aka haska shi ba.

Na wanke guda ɗaya, yana cikin ambulan nan. Ko Judith ban nuna wa ba. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa kafin ka buɗe.

Arzika, tun jiya nake jin da ma ƙaramar na saya. Amma kana da yara, kuma ba ka yi komai ba. Zuciyata ba za ta ɗauki a ƙone homarka ina riƙe da wannan ba. Ka ce in zo kawai, motar farko zan shigo ran Alhamis.

Naka har kullum,
Obed

Argungu

Obed,

Na gani. Baba ne.

Na sa hoton a wuta. Ka goge na cikin kyamara, kuma kada ka zo. Mutumin da ya koya man iyo ba zai durƙusa gaban ƙannensa ba ina raye. Ban tambaye shi dalili ba. Ɗazu ya zo ƙofar ɗakina ya daɗe tsaye, bai yi sallama ba, ya juya.

Gobe zan kai ma dattawan homar da hannuna. Baba ne babba cikinsu, shi zai ƙyasta ashanar.

Na gode da zumunci. A gaishe da Judith.

Arzika