Kunkuru Kwana Biyu, Kaka Awa Biyu

Daga Baffanka Haji Muhtaram, limamin Juma'a, zuwa ga ɗanmu Sahnan a Johor, can ƙasar waje.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya kai da amaryarka Nurbaiti, Allah Ya ba ku zaman lafiya. Mu nan tsibirin Lombok lau muke. An yanke shinkafa, saniyar babanka ta haihu, ƙafar Kaka Senim ta yi sauƙi.

Takardarka ta iso, kuma raina ya ɓaci. Kwana goma za ka yi a ƙasarmu, ka raba su: uku a Bali, biyu a tsibiran Gili don amarya ta ga kunkurun teku, uku a hawan dutsen Rinjani, sauran a gaɓar nan mai jan yashi. Mu kuwa la'asar guda ka yaga mana, a hanyarka ta filin jirgi. Kunkurun ne ya goya ka? Kai da ko bishiyar kwakwa ba ka hawa sai an turo ka ta baya, yau kai ne mai hawan Rinjani.

Layin ƙarshe ya fi ciwo, inda ka ce kada Kaka ta shafe daɓe da kashin shanu, wai amarya za ta ji wari. A kan daɓen nan aka yanke maka cibi. Kullum motocin Turawa na tsayawa a ƙofarmu, su tuɓe takalmi, su durƙusa suna ɗaukar hotonsa. Jiya ma wata ta roƙa a bar ta ta shafa da hannunta. Wayar da ta ba ka jerin wuraren nan, sake dubawa, ƙauyenku na ciki.

Kaka ta ce ita ba ta san yadda ake tarbar amarya a kan daɓen da ba a shafe ba. Wata uku ke nan ta hana kowa tsinkar ganyen siri na bayan ɗaki, wanda ake taunawa kamar goro, tana tanadinsa don ta tauna, ta ɗiga wa matarka ja a goshi ta zama tamu. Ba a yin wannan a tsaye, direba na danna oda. Shekaranjiya ta tsinke rabinsa ta ba maƙwabciya, ta ce kada ya tsufa a banza. Ka soke Bali ka ba Kaka kwana ukun nan.

Inna Rumenah da Gwaggo Munerah da Jumadil suna gaishe ku.

Wassalam.

Yaya, gaskiya Baffa bai san da wannan takarda ba. Ni ne, ƙanenka Mahsun. Da sunana na sa a sama, da ba ka wuce layin farko ba. Ni na karanta wa Kaka takardarka, na tsallake maganar daɓe, ta gane a muryata ta sa na koma na karanta mata. In ka kai ƙarata wurin Baffa, bulala biyar ce, na saba. Ganyen dai rabi ya rage.