Wayar Datti a bayan katanga

Litinin, 3 ga Maris
Thaddeus, ɗan hayarmu na ɗakin baya, ya ishe mu da ƙorafi wai wayifai ba ya kaiwa wajensa, alhali tare muke sayen data. Yau ya kawo wata 'yar na'ura da yake kira busta, ya jona ta a tagar kicin. Yanzu har bayan katanga ana samu. Maigidana, Baban Yusra, ya ce saura mu raba wa duk Ushafa.

Laraba, 5 ga Maris
Tunda ƙanena Datti ya hau mota a tashar Jabi bai isa Abaji ba, ban daina tura masa saƙo a Wasap ba. Babu wanda ya sani. Watanni ke nan alama ɗaya nake gani, don layin ma mun sa an toshe shi tuntuni. Yau da la'asar duk suka koma biyu. Sun shiga wayarsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Tuwo ya ƙone. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na kasa riƙewa, na nuna wa Thaddeus. La'asar na yi ya duba ta kwamfutarsa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce wayar ta san lambar sirrin wayifai ɗinmu tun Datti yana gidan, don haka da ta matso take kamawa da kanta.
"Madam, wannan waya yana kan namu ne yanzu-yanzu. Bai wuce katanga ba."
Na janye 'yata Yusra daga tsakar gida, na sa sakata. Wanda ya tare Datti a hanya ya san gidanmu ke nan. Me yake jira?

Lahadi, 9 ga Maris
Baban Yusra ya zagaya baya da taɓarya a hannu, shi da ko kaza ba ya yankawa. Ya tarar da benci ƙarƙashin mangwaro, 'yan acaɓa suna hutawa, mai shayi yana wanke kofuna. Kowa da waya a hannunsa. Wa za ka kama? Ya kai rahoto wajen 'yan sanda, aka ce ya dawo in ya ga wani abu. Ya ce in sa Thaddeus ya canza lambar sirrin gobe-gobe, mu huta. Na ce to.

Talata, 11 ga Maris
Thaddeus ya ce ɓarawo yakan goge waya ranar da ya sace ta, wannan kuwa ba a goge ba. Da ma bai faɗa mini ba, Allah ya sani. Tsoro ɗaya nake da shi, yanzu sun zama biyu. In Datti ne, me aka yi masa da zai zo har bango ya kasa ƙwanƙwasa ƙofar yayarsa?

Laraba, 12 ga Maris
Inna ta kira daga Zariya, tana maganar a yi wa Datti sadaka a haƙura. Na yi ta cewa haka ne.

Juma'a, 14 ga Maris
Na leƙa ta saman katanga, a kan bokiti. Ban ga fuskar da na sani ba. Akwai wani can gefe, ya juya baya, siriri ƙwarai. Datti ba siriri ba ne. Na sauko.
Na rubuta: Auta, in kai ne, ba wanda zai tambaye ka komai.
A saman allo ya nuna ana rubutu. Ya tsaya. Aka sake farawa, aka sake tsayawa. Ba abin da ya shigo.

Asabar, 15 ga Maris
Baban Yusra ya tambaya ko an canza lambar. Na ce Thaddeus bai samu lokaci ba. Har yanzu tsoro nake ji, kwano ya faɗi sai gabana ya faɗi tare da shi. Na kai Yusra gidan maƙwabta tun azahar. Busta kuma na mayar da ita tagar da ta fi kusa da mangwaron, can soket ɗin ya fi kyau ne kawai.
An kira la'asar. Ƙaramar ƙofar baya a buɗe take, ina jin mantawa na yi.